Megabait ɗaya ne kawai: a bar BIOS a hotunan gajimare

A watan Afrilun 2022 aka kawo wa Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in tsarin aiki na Linux, shawarar a fara janye hannu daga tsohuwar hanyar tayar da kwamfuta ta BIOS, a rungumi sabuwar hanyar, wato UEFI, kaɗai. Jama'a suka yi ca, FESCo, kwamitin da ke yanke hukuncin fasaha a Fedora, ya ƙi amincewa. Shawarar ta faɗi, amma ra'ayin bai faɗi ba. Har gobe, da zarar an ta da zancen hoton faifai, wato shiryayyen kwafin tsarin aiki da ake ɗorawa a kan sabar haya a gajimare (kwamfutar da ake haya daga kamfani ta intanet), sai wani ya ce BIOS ta mutu, a cire ta a huta. Wannan magana ta ishe ni.

Masu faɗinta suna duban kwamfutar da ke kan teburinsu ne. A can suna da hujja: Intel ta ce za ta daina goyon bayan tsohuwar hanyar daga 2020, Windows 11 kuma ba ya karɓar injin da ba shi da UEFI. Sai dai sabar gajimare ba ƙarfe ba ce da za ka saya sabuwa. Mai kamfanin haya ne ke yanke yadda za ta tashi, kai abinka biyan kuɗi.

A duba abin da ke ƙasa. QEMU, manhajar ƙirƙirar injinan kwaikwayo wanda ƙananan kamfanonin haya da yawa suka dogara da shi, SeaBIOS, wato nau'in BIOS ɗinsa, yake tayarwa idan ba a ce masa komai ba. Sai mai sabar ya ɗora wata manhaja mai suna OVMF da hannunsa kafin a sami UEFI. Amazon da girmansa sai a 2021 ya buɗe UEFI ga injinansa na Intel da AMD, kuma tsofaffin nau'o'insa da ke kan manhajar injinan kwaikwayo ta Xen, irin su t2, BIOS kawai suka sani. Wannan t2.micro ɗin ne ɗalibai suka yi shekaru suna koyon aiki a kansa kyauta. Azure, gajimaren Microsoft, ma ya raba injinansa gida biyu, ƙarni na ɗaya na BIOS da na biyu na UEFI. A ɗaya gefen, injinan da ke da ƙwaƙwalwa ƙirar ARM, irin su Graviton na Amazon, ba su san BIOS ba ko kaɗan. To wa zai ce hanya ɗaya ta wadatar?

Ga abin da ke faruwa idan hoto ya zo da UEFI zalla. Matashin da ya tara 'yan dalolinsa ya kama sabar mai araha, ya ɗora hoton, ya danna tashi. Shiru. Ya gwada shiga ta SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ba amsa. Ya buɗe tagar allon sabar, sai baƙin fili da layi guda yana cewa ba a ga faifan da za a tashi da shi ba. Babu abin da zai nuna masa inda matsalar take. Zai zaci shi ne bai iya ba, ya kwana yana sake ɗorawa, kuɗin data na tafiya.

Nawa ne kuɗin kare shi daga wannan? A tsara faifan da GPT, wato tsarin raba faifai zuwa yankuna, a ware ɗan yanki na megabait ɗaya da GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin aiki, zai ajiye gutsurensa na BIOS, sannan a ware yankin EFI mai tsarin FAT a gefensa. Shi ke nan. Injin da ya zo da BIOS ya karanta bait 512 na farkon faifai ya wuce ɗan yankin nan. Wanda ya zo da UEFI ya nufi yankin EFI kai tsaye. Duk wanda ya taɓa duba faifan hoton Ubuntu na gajimare ya ga yankuna masu lamba 14 da 15, aikinsu ke nan. Fedora kanta ta mayar da hotonta na gajimare mai tashi ta hanya biyu tun fitowa ta 35, a 2021. Da Amazon ya ƙaro zaɓin da ke fifita UEFI amma ya koma BIOS idan babu, a 2023, irin wannan hoton yake nufi.

Masu son a cire BIOS suna cewa tsaro, suna kiran Secure Boot, kariyar UEFI da ke tantance manhaja kafin ta tashi, kamar wani ya hana su: injin da ya tashi ta UEFI ko kallon yankin BIOS ba ya yi. Ƙorafin da ke da ɗan nauyi shi ne na masu kula da GRUB, cewa gwaji ya zama biyu alhali hannaye kaɗan ne. Na ji, amma gajiyar mutum kaɗan ba ta isa a rufe wa dubbai ƙofa ba. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan randa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne inda ake kai matsin. Ana so a hukunta ɗan haya a kan zaɓin da ba nasa ba. Mai son BIOS ta ƙare ya je ya matsa wa kamfanonin haya su mayar da UEFI abin da injinansu ke tashi da shi tun farko, ya kuma ba da hannu a gwaji. Ranar da suka yi haka, a goge megabait ɗin. Kafin nan, duk hoton x86, wato na injinan Intel da AMD, da aka fitar ya zo da yankunan nan biyu.