Koyon Aiki Muka Zo Ko Goge Giris?

Wata goma sha takwas ke nan da aka ɗauke mu a shirin koyon gyaran injinan masana'anta, mu shida, kuma wallahi abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne goge giris da tsumma da bin bayan oga da akwatin sifana. Ranar farko an zuba mana alkawura: lantarki, walda, injinan da ke aiki da matsin mai, karanta zanen wayoyi. Har littafi aka raba mana, wai duk aikin da ka koya a sa maka hannu. Nawa shafi uku kacal aka cike, su ɗin ma a tsaitsaye aka rattaba hannu ranar da masu duba aiki suka zo.

Abin da ke ƙona min rai, ilimin yana nan gaban idonmu. Akwai wani dattijon makaniki da ya kusa ritaya. Na gan shi ya kafa tsinin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya ce boris ɗin nan ba zai kai mako biyu ba. Haka kuwa aka yi. Na ce, "Baba, me ka ji?" Ya buɗe baki ke nan shugaban sashe ya daka mana tsawa, wai ana asara, mu matsa gefe. Idan inji na tafiya ba a taɓa shi, idan ya tsaya babu lokacin bayani. To yaushe za mu koya? A mafarki?

Ko kashe wuta a garƙame makunni da kwaɗo kafin a zura hannu cikin inji, a bakin abokin aiki na tsinta. Babu wanda ya zaunar da mu, alhali wuta ce mai bolt 400, ba ta san ɗan koyo ba.

A Jamus makanikin masana'anta shekara uku da rabi yake yi, tsakanin makaranta da wurin aiki, da albashinsa, kuma ba kamfaninsa ne ke shirya masa jarrabawa ba. Tun 1969 suke da doka a kan haka. Mu ko jadawalin mako ɗaya ba mu taɓa gani ba.

Jiya famfon mai ya tsaya, aka ɗauko 'yan kwangila daga waje, muka tsaya riƙe musu fitila. A gabanmu manaja yake musu kukan wai matasan yanzu ba su iya komai ba.