Wa yake karanta abin da ɗanka ya rubuta a jami'a?

Iyaye da yawa a nan Katsina suna ganin da zarar yaro ya samu gurbi a jami'a an gama, sai jiran ranar yaye ɗalibai. Ni da nake koyarwa a ciki, tambaya ɗaya nake so kowane uba ya yi wa ɗansa idan ya zo hutu: tun da ka shiga, akwai malamin da ya taɓa zama ya karanta rubutunka, ya ja layi da jan biro, ya ce ga inda ka kauce? Yawancinsu za su ce babu. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ba rashin so ne ya hana malaman ba.

Ƙa'idar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, a bayyane take: malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannin adabi da zamantakewa, 20 a kimiyya, 15 a injiniyanci, 10 a likitanci. To ka leƙa ajin GST, wato darussan gama-gari da kowane ɗalibi yake ɗauka, na 'yan aji ɗaya a kowace babbar jami'a ka gani. Wasu a kan taga, wasu a tsaye a bakin ƙofa da littafi a tafin hannu. In aka ɗauke wuta makirufo ya mutu, na baya sai dai su kalli bakin malam yana motsi.

Amma ba a aji wahalar take ba, a makin take. Ana gama jarrabawa za ka ga malami yana loda jakar bakko cike da takardu a but ɗin mota, ko ya ɗaure a bayan mashin. A ce takarda 600 ce ta kwas ɗaya. In ya ba kowace minti 10 kacal, awa 100 ke nan, ga shi ba kwas ɗaya yake ɗauka ba, ga shugaban sashe yana kira a kawo sakamako kafin zaman majalisar jami'a. Takardun farko ana karanta su da natsuwa bayan sallar isha'i. In dare ya raba, ido ya yi nauyi, sai neman kalmomin da ke cikin takardar amsa kawai, a ba da maki a wuce. Yaron da ya yi tunani na kansa, ya faɗi abin da kalmominsa, shi ne ya fi cutuwa a wannan lokacin. Shi ya sa jarrabawar kwamfuta ta zaɓi-ɗaya ta mamaye ƙananan azuzuwa, har yaro ya kai aji uku bai taɓa rubuta shafi biyu a jere da za a gyara masa ba.

Wannan malamin dai shi ne jami'in jarrabawa na sashe, shi ne kodinetan aji, yana cikin kwamitoci, ga 'yan firojet, wato masu rubuta binciken kammala digiri, sun yi layi a ƙofar ofis. "Malam, don Allah babi na biyu, wata guda ke nan yana wurinka." Gaskiya yarinyar ta faɗa, yana kan tebur ƙarƙashin na wasu. Ƙarin girma kuwa ba ya zuwa sai da maƙalun bincike, waɗanda sau da yawa daga albashinsa zai biya kuɗin buga su.

Na san akwai malaman da ba sa shiga aji sai jarrabawa ta matso, akwai masu tilasta sayen handawut. Ba na kare su, kuma ya kamata a hukunta su. Sai dai ko an kore su duka gobe, lissafin nan na sama bai canza ba.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya gano malamai kusan 37,500 ne a jami'o'in gwamnati, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digiri na uku. Jami'o'i kuwa sai ƙaruwa suke. A jiharmu kaɗai ga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da aka kafa a 2006, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Al-Qalam, ga ta Sufuri a Daura. Alheri ne, ina murna da shi. Amma TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, gini take yi da kayan aiki da tura malamai ƙaro karatu, ba ta biyan albashi. Ana iya gama ɗakin lakca a shekara ɗaya, malamin da zai tsaya a ciki kuwa sai ya shekara goma yana karatu. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya yana koyarwa a nan Litinin, Alhamis yana kan hanyar wata jami'ar a matsayin malamin ziyara.

Sai yajin aikin malaman jami'a ya zo ya ƙara dagula lissafi. Na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Da aka dawo, sai aka matse semista don a cike giɓi. Ɗalibi mai kwas tara ko goma, lakca daga bakwai na safe har kusan magariba, wani lokacin har Asabar, yaushe zai shiga laburare? Hadda kawai yake yi ya zubar a takarda, bayan mako biyu ya manta.

Abin da ya fi ba ni takaici, mu Katsinawa mun san yadda ake karatu. Garin Gobarau ne, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Har yau a zaurukan cikin gari kowane ɗalibi da littafinsa yake zuwa, ya karanta malam ya ji, ya gyara masa wasali ɗaya in ya karkace. Malamin zaure ya san inda kowa ya tsaya jiya.

Don haka roƙona ga hukumomin jami'o'i, a daina ɗaukar ɗalibai fiye da ƙarfin malaman sashe don neman kuɗin rajista. A ɗauki matasan da suka fita da sakamako mai kyau su riƙa zama da ƙananan rukunoni suna duba rubutu. A sauke wa malamai aikin haɗa sakamako, a ba ma'aikatan ofis da aka horar. Ku kuma iyaye, kafin yaro ya cike fom ɗin JAMB, ku samu wani a sashen da yake so ku tambaye shi malamai nawa ne na dindindin, ɗalibai nawa ne a aji ɗaya.