Ba ragar kebul ce ke kashe ƙugin lasifika ba

Abin yana damuna yadda masu haɗa sauti a masallatai da wuraren walima na Jidda da Makka ke cewa muddin kebul XLR ne (na makirufo, mai fil uku a bakinsa) mai kauri, ƙugi ya ƙare, tunda ragar ƙarfen da ke cikinsa tana tare hayaniya. Suna da hujja, domin ragar tana tare kutsen rediyo. Amma ƙugin wutar Saudiyya mai 60 Hz (juyi 60 a daƙiƙa) da ke shigowa ta maganaɗisu, kusan ratsa ragar yake yi.

Aikin kashe ƙugin na wayoyi biyun nan ne da aka murɗe a ciki, masu zuwa fil na 2 da na 3. Ƙugin yana hawa kansu daidai wa daida, sai mashigar amfilifaya ta debe na ɗaya daga na ɗayan, ya soke kansa, murya ta wuce. Sharaɗin shi ne turjiyar ɓangarorin biyu, wato yadda kowanne ke tauye wucewar wuta, ta zo ɗaya. A da'ira mara ƙara ƙarfi, rezista (ƙananan kayan da ke samar da turjiyar) masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari kan iya tsayar da ragin ƙugin a sau 50 kawai, masu 0.1 kuma su kai sau 500.

Ga makirufon liman, kebul mita 30 ya bi jikin wayar na'urar sanyaya ɗaki, shiru. Sai a sa mahaɗin da ke mai da XLR jak mai baƙin layi ɗaya a jikinsa (TS). Mahaɗin ya haɗe fil na 3 da na 1, wato na ragar, ba sauran abin debewa, ƙugi ya cika sahu. A cire shi, ko a sa taransfoma ta sauti a tsakani.