Abin da Ya Nufo Ka Kai Tsaye

'Yan uwa Musulmi, a Suratul Balad, aya ta 8, Allah Maɗaukakin Sarki ya tambaya ko bai sanya wa ɗan Adam idanu biyu ba. Tsakanin idanun nan akwai tazarar kusan santimita 6, shi ya sa hoton da kowane ido yake ɗauka ya ɗan bambanta da na ɗan uwansa, kuma da wannan bambanci ƙwaƙwalwa take auna nisa. Idan abu ya nufo mutum, bambancin yana sauyawa, hoton abin kuma yana ƙara girma a cikin ido, sai ƙwaƙwalwa ta ƙiyasta lokacin isowarsa, mutum ya kauce tun bai yi tunani ba.

A 1983 masana a Jamus sun bayyana halin wata mata da ta rasa ganin motsi bayan ƙwaƙwalwarta ta sami rauni. Idanunta lafiya lau, amma tsallaka titi ya zame mata tashin hankali, domin motar da ta hango can nesa sai kawai ta gan ta dab da ita. Mu nawa ne muka taɓa yin godiya a kan wannan ni'ima?

Sai dai ni'imar tana da iyaka. Abin da ya fi wuyar ƙiyastawa shi ne wanda ya taho kai tsaye daga nesa, domin a can bambancin hotunan biyu ƙanƙani ne, girman abin kuma a hankali yake ƙaruwa, har mutum ya ɗauka a tsaye yake, sai a ƙarshe ya cika ido lokaci guda. Motoci biyu da suka fuskanci juna, kowace tana gudun kilomita 100 a awa, suna cinye mita 55 a daƙiƙa ɗaya, don haka direban da ya fita wuce tirela yana hango wata mota a mita 200, abin da ya rage masa bai kai daƙiƙa 4 ba. Rayukan fasinjoji amana ce, bai dace a jingina ta ga ƙiyasin ido ba.

Haka ajali da hisabi suke nufo mu. A Suratul Ma'arij, aya ta 6 da ta 7, Allah ya ce masu ƙaryatawa suna ganin ranar hisabi da nisa, Shi kuwa yana ganin ta kusa. Wanda yake jinkirta tuba, ko biyan bashi, ko neman yafiyar maƙwabcin da ya zalunta, don yana ganin akwai sauran lokaci, to ya tashi ya sauke nauyin nan yau.