Ranar da kwamfuta ta auna tsayina a gareji

Wutar gargaɗin iyabag, wato jakar iskar nan mai fitowa ta kare mutum ranar hatsari, ita ce ta kama a dashbod ɗin Corolla, ta ƙi mutuwa. Ka'ida in ka murza makulli ta yi kamar sakan shida ta ɗauke, tawa kuwa ta zauna daram. Rewayan unguwarmu ya ce a cire ƙwan kowa ya huta, na ce ban yarda ba. Wani ya jona 'yar na'urar nan ta waya a ƙasan sitiyari ta ce lafiya lau, ashe inji kawai take karantawa. Dole sai garejin mai babbar kwamfuta. Dogon nan ƙanin uwargida ya maƙale min wai zai sauka a hanya. Bai sauka ba.

Mai kwamfuta ya jona, ya danna, ya ce, "B1653. Alhaji, sensar kujerar direba ce." Na ce kujera ma har da sensa? Shi ke nan, sai ya tafa hannu ya tara yaransa, wai ga darasi ya samu.

"Ku buɗe kunne. A jikin ƙarfen da kujera ke zamewa a kai akwai 'yar sensa mai maganaɗisu. Aikinta ɗaya ne, ta gaya wa ƙwaƙwalwar iyabag ko kujera na can gaba, dab da sitiyari. In tana gaba, ranar hatsari iyabag zai rage ƙarfin fitowa, don kar ya illata ƙirjin direba. Turawa sun yi ta ne saboda mata da kuma..." Nan ya tsaya, ya dube ni tun daga hula har ƙafa. Tafiyar ba ta ɗauke shi lokaci ba. "...da masu matsakaicin tsayi."

Yaran suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

Ya ce in shiga in saita kujerar yadda na saba tuƙi. Na shiga, na ɗan ja ta gaba kaɗan, na kishingiɗa da hannu ɗaya a sitiyari irin na manya. Ya ce, "Taka birki, Alhaji." Na miƙa ƙafa. Na ƙara miƙawa. Babban yatsa ne kawai ya gaisa da birkin. Sai na ji murya daga sama, ta saman motar ma ta biyo: "Yaya, ka ja abinka, duk nan 'yan gida ne." Na ja, kujera ta tafi ƙararrr har ramin ƙarshe, ta buga ƙwas, har mai fenti daga wancan ɓangaren ya leƙo.

Aka cire kan batir, mai kwamfuta ya ce sai an jira sakan 90 kafin a taɓa wayoyin ƙasan kujera, musamman masu soket ruwan ɗorawa, don akwai sauran wuta a ajiye, iyabag na iya tashi. Sakan 90 ɗin nan a tsaye muka yi su, ba mai magana, ina ta duba wayar da ba wanda ya kira.

Ƙaramin yaron ya zura hannu. Ya zaro carbi, ya zaro murfin kula, sai ya ce, "Oga, wani abu ya tokare soket ɗin, ya zare shi rabi." Ya ja da ƙarfi, sai ga takalmina na zuwa ɗaurin aure. Mai tudun nan. Ba a tuƙi da shi, shi ya sa yake zama a wurin, kuma shekara da shekaru bai taɓa tokare komai ba sai da wani ya fara aron motar yana banka kujera baya kamar ta ubansa.

Mai kwamfuta ya ɗaga shi sama yana juyawa. "Na Hajiya ne?"

"Na Yaya ne," in ji dogon. "Akwai ɗayan ma, ku duba."

Amma duk wannan bai ƙona min rai ba kamar mai shayin bakin garejin. Wa ya kira shi? Mutumin nan ya bar tukunya a wuta, ya ratso kwata, ya karɓi takalmin, ya jera yatsu a jikin tudun yana ƙirgawa a fili, ya ce huɗu, har da sakin salati. Shi da ba ya kaiwa saman teburinsa sai ya taka bulo! Ni na sha ganin bulon. Kuma shi ne wanda bara ya zuba min gishiri a madadin sukari ya rantse bakina ne. Har cewa ya yi in ba shi lambar mai ɗinkin, wai wani ɗan'uwansa ke so.

Aka mayar da soket ya ce ƙyas, aka ɗaure wayar, aka goge lambar, wuta ta mutu. Ba a ma je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa neman sensa ba. Kuɗin kwamfuta dai na biya cif, har da na ruwan yara.

Dogon ya ce yana son motar ran Asabar. Ban ba shi amsa ba tukuna.