Wai Me Tamostat Ya Tsare Wa Makanikai?

Ka kai 'yar Golf 3 ɗinka a duba lagireto, kafin ka dawo daga sallar la'asar an cire tamostat (ɗan abin da ke tare ruwa kada ya je lagireto har sai inji ya ɗau zafi), an haɗa fanka dairek, tana ta juyi tun daga tayar da mota. Ka yi magana a ce, "Alhaji, ai wannan na ƙasar sanyi ne." Haba malam! Jamusawan da suka ƙera ta ba ado suka sa shi ba. Injin da bai kai zafinsa na wajen digiri 90 ba, zuƙar mai kawai yake yi, ya kuma ci kansa da wuri, balle da sanyin hunturu. Ga yadda fetur ya koma tun 2023. Abin haushin, har kuɗin cirewar sai ka biya.