Horon yini guda ba zai maye gurbin nas-nas ɗin masu raunin fahimta a Ingila ba

Jami'o'in Ingila suna ta rufe kwas ɗin jinyar masu raunin fahimta ɗaya bayan ɗaya, wai ɗalibai ba sa zuwa. Abin haushin shi ne amsar da ake ta maimaitawa: ai yanzu doka ta tilasta wa kowane ma'aikacin lafiya ɗaukar horo a kan waɗannan mutane, to me za a yi da nas na musamman?

A duba horon da ake tinƙaho da shi. Dokar 2022 ce ta wajabta shi, kuma an sa masa sunan Oliver McGowan, matashi ɗan shekara 18 da ya rasu a wani asibiti a Bristol a 2016 bayan an ba shi maganin tabin hankali, alhali shi da iyayensa sun ce kada a ba shi. Matakin farko darasi ne ta intanet da zaman sa'a guda. Mataki na biyu, wannan darasin ne da yini ɗaya a aji. Horon yana da amfani, babu musu. Amma nas ɗin da ake cewa ya maye gurbinta shekara uku ta yi a jami'a, rabin lokacin a bakin aiki, a ɗaya daga cikin fannoni huɗu da hukumar rajistar nas-nas ta amince da su: manya, yara, lafiyar ƙwaƙwalwa, da wannan.

Masu wancan ra'ayi da alama ba su san aikin da nas ɗin unguwa take yi ba. Ga mutum ɗan shekara 40 da ba ya magana, ya wayi gari yana dukan kansa, ya ƙi abinci. Likitan da ke da minti goma zai rubuta cewa halinsa ne, wataƙila ya ƙara masa maganin kwantar da hankali. Nas ɗin da ta san shi za ta fara da tambayar masu kula da shi yaushe rabonsa da bayan gida, ta duba takardar da ake cikewa kullum ta ga wane nau'i ne cikin bakwai ɗin da ke jadawalin Bristol na rarrabe bayan gida, ta sa a leƙa haƙoransa da kunnuwansa, a gwada fitsari. Sau da yawa ciwo ne yake cinsa, bakin faɗa ne babu. Taurin bayan gida yana kisa: a 2012 wani mutum mai shekara 33 ya mutu a Ipswich bayan an cire masa kilo 10 na bayan gida daga ciki. Magungunan tabin hankali da na farfaɗiya su kansu suna ƙara cushe hanji, shi ya sa ƙarin magani a makance yake dagula lamarin.

Haka batun haɗiya. Wanda ruwa ke yawan sarƙewa, yana tari bayan cin abinci, muryarsa na gurgura, abincin cikin huhunsa yake gangarawa, kuma ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Nas ce ke lura, ta kira ƙwararren da ke duba haɗiya, sannan ta koma gidan ta tabbatar ana kaurara ruwan shan daidai matakin da aka rubuta, ana zaunar da shi a miƙe, ba a ɗura masa yana kishingiɗe. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na da farfaɗiya. Ita ke rubuta tsarin: idan bugun ya wuce minti biyar a ɗiga midazolam, maganin tsayar da bugun, tsakanin kunci da dasashi, ga lokacin kiran motar asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai a bahon wanka. Wanda ke tsoron allura kuwa, makonni take ɗauka tana saba masa da kujerar, da robar ɗaure hannu, da man kashe zafi, kafin a samu ɗibar jini ba tare da an danne shi ba. Wa zai koyi wannan a yini guda?

Sakamakon a fili yake. Binciken mace-macen da hukumar lafiya ta NHS ke yi kowace shekara yana nuna cewa waɗannan mutane na mutuwa kusan shekara 20 kafin sauran jama'a, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na mutuwar ana iya kauce mata. A daidai wannan lokaci adadin nas-nas ɗin fannin a NHS ta Ingila ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100 tun 2009.

Ba kuma ɗalibai ne suka guje wa aikin haka kawai ba. A 2017 gwamnati ta soke tallafin karatun jinya ta mayar da shi bashi. Masu shiga wannan fanni galibi manya ne, masu iyali, waɗanda suka shafe shekaru suna aikin kula a gidaje kafin su yi sha'awar karatu. Mai 'ya'ya uku da kuɗin haya ba za ta ajiye albashi ta ɗauki bashin dubban fam ba. Tallafin fam 5,000 a shekara da aka dawo da shi a 2020, da ƙarin fam 1,000 na wannan fanni, bai biya ko kuɗin makaranta ba. An sare reshe, ana mamakin rashin inuwa.

Masu cewa a ɗebo ma'aikata daga waje su ma sun yi kuskuren lissafi. Nas ɗin da ta tashi daga Kano ko Legas jinyar gama-gari ta karanta, a fannin manya za a yi mata rajista, domin ban da Birtaniya da Ireland da wuya a samu ƙasar da ke ba da wannan karatu a matsayin fanni mai zaman kansa. Wannan giɓi a gida za a cike shi.

A biya kuɗin makarantar masu wannan kwas gaba ɗaya, a buɗe hanyar karatu da albashi ga masu aikin kula da suka riga suka san mutanen, kuma a hana kowane yanki zama babu jami'a ko ɗaya da ke koyar da shi. Tun bayan abin kunyar Winterbourne View a 2011, asibitin da aka gano ma'aikata na azabtar da masu raunin fahimta, ake alkawarin fitar da mutane daga asibitocin da ake kulle su zuwa cikin unguwa, amma har yau kusan mutum 2,000, har da masu larurar otizim, suna ciki, kuma nas-nas ɗin da za su karɓe su a waje sai raguwa suke yi.